Tsofaffin takardun ofis: wanda za a ajiye, wanda za a lalata, da yadda za a yi ba tare da an cuci gari ba

Duk wanda ya saba sayen ƙosai da safe ko tsire da dare a garuruwan jihar Maraɗi ya taɓa cin karo da wannan. Ya warware ƙunshin, sai ya ga takardar da aka naɗe masa abincin tana ɗauke da hatimi, da jerin sunayen mutane, da lambobin waya, wani lokaci har da dangwalen yatsa. Daga wani ofis ta fito. An share mangaza, an tara buhuna a waje, mai gadi ko wani yaro ya kwashi rabonsa ya kai kasuwa, abin da ya rage kuma aka cinna masa wuta a bayan katanga.

Matsalar ba ta Yamai ko birnin Maraɗi kaɗai ba ce. Tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, kowace ma'aikatar magajin gari ta zama wurin tara takarda, daga Sae Sabuwa da Tibiri da sauran ƙananan hukumomin gundumar Gidan Rumji har zuwa Agye da Gazawa, wadda aka ware ta daga Agye ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Ga makarantu, ga gidajen likita na CSI, ga ƙungiyoyin manoma da asusun mata, ga kuma furojoji. Agye kaɗai ta ga jerin ayyukan asusun FIDA ɗaya bayan ɗaya, daga PPILDA zuwa PASADEM zuwa ProDAF, kuma kowane aiki irin wannan yana tafiya ne da rajista da rasit da rahoto. A watan Afrilun 2024 mahukuntan CNSP suka rusa majalisun ƙananan hukumomi suka naɗa kantomomi, wanda ke nufin sabbin hannaye sun gaji kabad-kabad na shekara 20 da ba su ne suka cika su ba.

Lissafin nauyin ba wuya. Bandir ɗaya na farar takarda, mai falle 500, yana kai kilo biyu da rabi. Kwali mai bandir biyar ya zama kilo goma sha biyu da rabi. Ofishin da ke cinye kwali biyu kacal a wata ya tara kilo 300 a shekara, tan uku a shekara goma, ba a sa rajistoci da kwalayen fayil a ciki ba. Ɗaki ɗaya ne galibi ake ware wa wannan kaya, kuma shi ne ɗakin da rufinsa ya fi yoyo. Gara da ɓera suna cin rabonsu. Damina irin ta 2024, wadda ambaliyarta ta yi wa jihar Maraɗi ɓarna mai yawa, takan gama da sauran.

Ba kowace tsohuwar takarda ce shara ba

Kuskuren farko shi ne a ɗauka tsufa ke mai da takarda shara. Nijar tana da doka kan ajiyar takardun hukuma tun 1997, kuma hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa da ke Yamai ce ke sa ido a kai. Ƙa'idar da ake bi, kamar a sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci, ita ce takardar hukuma dukiyar jama'a ce. Ba ta magajin gari ba ce, ba ta kantoma ko magatakarda ba ce, saboda haka babu wanda ke da ikon sayar da ita, ko tafiya da ita gida, ko ƙona ta don kansa.

Masu aikin ajiya suna kasa rayuwar takarda gida uku. Akwai wadda ake aiki da ita yau da gobe, tana kan tebur. Akwai wadda aikinta ya ƙare amma ana iya nemanta idan bincike ko shari'a ta taso, ita ce ke komawa mangaza har wa'adinta ya cika. Sai kuma wadda ba ta da wa'adi, ana ajiye ta har abada. Aikin lalatawa yana shafar kashi na biyu ne kawai, shi ma bayan lokacinsa ya wuce.

Rajistar haihuwa da aure da mutuwa tana cikin waɗanda ba a taɓawa. Dokar 2019 kan rajistar jama'a ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin wannan aiki, kuma duk uban da ya taɓa neman kwafin takardar haihuwar ɗansa ana gab da rufe rajistar jarrabawar BEPC ya san darajar littafin. Idan gara ta cinye shafin, ko aka haɗa shi da tarkace aka ƙona, sai an koma kotu neman hukuncin da zai maye gurbinsa, da shaidu, da kuɗin mota, da kwanakin aikin gona da suka salwanta.

Takardun ƙasa sun fi wannan zafi. Tun dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 aka kafa kwamitocin kula da filaye, a matakin gunduma, da ƙaramar hukuma, da ƙauye inda mai gari ke shugabanta. Su ne ke ba da shaidar gonar gado, da ta saye, da kyauta, da aro, da haya, da jingina, su ne kuma ke rubuta iyakokin burtali da makiyaya da mashaya. A yankin da gona ta yi kaɗan jama'a suka yi yawa, falle ɗaya da ke cewa aro ne ba kyauta ba yana iya raba gardamar da jikoki za su tayar bayan shekara 30, lokacin da duk shaidun sun kwanta dama. Gundumar Gidan Rumji ta san tsadar rikicin manoma da makiyaya tun abin da ya faru a Toda a 1991, inda mutane fiye da 100 suka rasa rayukansu. Wanda ya ga tsohon zanen burtali mai launin ƙasa-ƙasa ya ce ya tsufa, bai san abin da ke hannunsa ba.

Ga 'yan kasuwa da kamfanoni kuwa wa'adin a bayyane yake. Dokar lissafin kuɗi ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta ce a ajiye littattafan lissafi da takardun da ke tabbatar da su har shekara 10. Masu ba da kuɗin furoje su ma sukan rubuta nasu wa'adin a cikin yarjejeniya. A ma'aikatun gwamnati, ɓatan takardun kashe kuɗi ba ya wanke kowa a gaban masu bincike. Zargi yake ƙara wa mutum, balle yanzu da hukumar COLDEFF, wadda aka kafa a 2023, ke tono tsofaffin fayiloli.

Abin da ya rage bayan an ware waɗannan shi ne mafi yawa a nauyi: kwafi na uku da na huɗu na takarda ɗaya, daftarin da aka gyara, fom ɗin da aka daina aiki da shi, takardun gayyata, jerin mahalarta taron da aka gama lissafinsa tun tuni, takardun neman aiki na waɗanda ba a ɗauka ba. Su ne ya kamata su fita. Amma a cikinsu ne kuma sirrin mutane yake.

Sunan wa ke cikin ƙunshin?

Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a Disamban 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da ke kula da ita. Manufar dokar ita ce wanda ya karɓi bayanan mutum don wani aiki shi ke da alhakin tsare su, kuma bai kamata ya riƙe su fiye da buƙatar aikin ba. Mutane da yawa suna zaton kwamfuta da intanet kaɗai dokar ta shafa. Rajistar da aka rubuta da biro ita ma tarin bayanan mutane ce.

A wannan yanki maganar ta wuce kunya. Tun 2019 gundumar Gidan Rumji ke karɓar dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma satar mutane don kuɗin fansa ta tsallako iyaka. Jerin da ke nuna wane ne ya karɓi tallafin kuɗi, nawa ya karɓa, a wane ƙauye yake, ga lambar wayarsa, ba abin da za a bari iska ta kwasa ba ne. Haka jerin masu ajiya a asusun adashe, ko na waɗanda suka karɓi bashin kiwo. Rajistar gidan likita kuma tana ɗauke da abin da mutum bai faɗa wa ko ɗan'uwansa ba, sakamakon gwajin sida ko tarin fuka, ko sunan matar da ke zuwa karɓar maganin tazarar haihuwa. A ƙaramin gari, inda kowa ya san kowa, falle ɗaya a hannun mai sayar da gyaɗa ya isa ya kashe aure.

Ga kuma lafiyar mai cin abincin. Tawadar injin buga takarda ba don ciki aka yi ta ba, kuma mai mai zafi yana narkar da ita ta shiga ƙosai. Ƙasar Indiya ta haramta naɗe abinci a cikin jarida saboda wannan dalili.

Me ya sa wuta ba ita ce mafita ba

Mafi yawan ofisoshin da suka damu da sirri sukan zaɓi wuta, don tana da sauri kuma ba ta cin ko dala. Sai dai wanda ya taɓa ƙona rajista ya san takarda mai kauri ba ta ci da kyau. Gefen ya ƙone, tsakiyar ta tsira, ana iya karanta ta sarai. Iskar hunturu kuma tana ɗaukar fallayen da suka fara ci ta watsa su cikin unguwa, wasu da rubutunsu, wasu da wutarsu. A lokacin da kara ke jibge a kan rufi, rumbuna cike da hatsi, azuzuwan zana a tsaye, wannan ganganci ne. Maraɗi ba ta manta da gobarar 8 ga Nuwamban 2021 ba, wadda ta halaka yara 'yan makaranta fiye da 20 a azuzuwan zana, ta nuna cewa irin wannan gini minti kaɗan yake buƙata.

Sannan abin da ake ƙonawa ba takarda zalla ba ce. Akwai bangon roba, da ledar da ake saka fayil, da zoben roba na ɗaure rahoto, da katunan da aka liƙe da leda, da kwanson tawada. Yawancin bangon nan na roba ne nau'in PVC mai sinadarin kulorin, kuma idan ya ci a wuta marar ƙarfi irin ta juji yana fitar da gubar da ake kira dayoksin. Wannan guba ba ta ruɓewa da wuri. Tana sauka a ƙasa da toka, kaji su tsattsaga, awaki su yi kiwo, ta taru a kitse da ƙwai da nono. Hayaƙin kansa, musamman da yamma a lokacin sanyi da ba ya tashi sama, masu asma da jarirai da tsofaffi ne ke fara jin sa. Dokar muhalli ta 29 ga Disamba 1998 ta riga ta ɗora alhakin shara a kan wanda ya samar da ita, kuma ofishin hukuma ne ya kamata ya fara nuna misali.

Zubarwa a juji ba ta fi ba. Takarda da leda suna toshe magudanan ruwa, abin da kowane mazaunin gari ke ganin sakamakonsa a watan Agusta. Wadda aka binne a jiƙe cikin tulin shara kuma, inda iska ba ta shiga, tana ruɓewa ta fitar da iskar mitan, wadda ta fi hayaƙin kabon ɗumama duniya nesa ba kusa ba. Dabbobi suna haɗiye ledar tare da takardar, kuma mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbin tumaki. Dokar hana leda ta Nuwamban 2014 tana nan a rubuce, ledar ma tana nan.

Yadda ake yi

Aikin yana farawa ne da biro, ba da ashana ba. Ana zama a rubuta jerin abin da ake son lalatawa: irin takardar, shekarunta, yawan kwalaye, da dalilin da ya sa wa'adinta ya cika. Da Faransanci ana kiran wannan jeri bordereau d'élimination. Shugaban ma'aikata ya sa hannu, idan takardun hukuma ne a nemi amincewar masu kula da ajiyar takardu, sannan a lalata a gaban shaidu a rubuta rahoton ranar. Shi wannan jerin ba a yar da shi. Shi ne zai kare ma'aikaci ranar da wani ya zo yana cewa an ɓatar da fayil da gangan. Ƙungiya mai zaman kanta ko ta manoma za ta iya yin haka da shawarar kwamitinta, a rubuta a littafin taro.

Daga nan sai a raba kaya. A cire roba, da ƙarfen matse takarda, da bango. Kwalayen fayil da zobba masu kyau a sake aiki da su. Fallen da babu sunan kowa a kansa, bayansa kuma fari ne, ɗalibai suna da buƙatarsa, ofishin ma zai iya yanka shi ya zama takardar rubuta saƙo.

Mai ɗauke da sirri kuwa sai an mai da shi yadda ba zai karantu ba, kuma yagawa da hannu ba ta wadatar. Tarihi ya nuna haka sau biyu. A 1979, bayan mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran, an zauna an sake haɗa takardun da injin ya yanka siri-siri, aka buga su littattafai. A Jamus ta Gabas, jami'an leƙen asirin Stasi sun yayyaga fayiloli da hannu a ƙarshen 1989, suka bar buhu kusan dubu 16, kuma an shafe shekaru ana liƙa su ana karantawa. Injin da ke yanka a tsaye da a kwance, ya mai da falle gutsi-gutsi, shi ya fi. Amma injin yana son lantarki, yana son gyara, kuma ƙaramin da ake sayarwa don tebur ba zai iya da tan guda ba.

Hanyar da ta fi dacewa da ƙauye da ƙaramin gari ita ce ruwa. A yayyaga takardun, a zuba a tano ko rami mai siminti, a cika da ruwa, ko da wanda aka yi wanki da shi ne, a bar su kwana biyu ko uku ana juyawa da muciya ko sanda. Takardar za ta koma kamar ƙullu, babu harafi ɗaya da za a iya karantawa. Ba hayaƙi, ba haɗarin gobara, kuma abin da ya fito yana da amfani.

Ana iya zuba shi a ramin taki. Takarda busasshen abu ne kamar kara da ƙaiƙayi, tana buƙatar kashin dabbobi da ɗanyen ganye kafin ta ruɓe da kyau, kuma kada ta yi yawa. Farar takarda da kwali ne suka dace da wannan. Mai sheƙi mai launuka, da ƙananan rasit masu santsi da injin kanti ke fitarwa, waɗanda ake shafa musu sinadarin bisfenol, ba a sa su a takin da zai je lambu. Ana kuma iya gauraya ƙullun da garin katako ko ɓawon gyaɗa, a matse, a shanya, ya zama curin makamashi. Shi ma ƙonawa ce, gaskiya ne, amma a murhu, ba roba a ciki, kuma ya maye gurbin icen da za a saro. Inda kayan suka yi yawa, kwali da yankakkiyar takarda haja ce. Da ita ake yin farantin ɗaukar ƙwai da takardar goge hannu da sabon kwali, kuma zaren takarda yana jure sake sarrafawa sau biyar zuwa bakwai kafin ya gajarce. Sharaɗin kawai shi ne a yanka ko a jiƙa kafin ta bar harabar ofis. Wanda ya sayar da rajista sukutum bisa alkawarin mai saye zai niƙa ta, a kasuwa zai sake ganin ta.

Akwai abin da ba a haɗa shi da sauran. Takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, kamar yadda ake samu a wasiƙu da littattafan makarantu, al'ada ta riga ta ware mata hanyarta, kuma kowane ofis yana da wanda ya san ta. Fayilolin da suka ɓaci da jini ko magani a gidan likita kuma sharar asibiti ce, tanderun ƙona shara na gidan likitan ne wurinsu.

Maganar itatuwa

Ana yawan cewa sake sarrafa takarda ceton itatuwa ne. Gaskiya ne, amma ba itatuwan Agye ba. Takardar da ake aiki da ita a nan daga waje ake shigo da ita, ba a yin ta da gawo ko kalgo. Gawon da ya dawo gonakin Ɗan Saga da maƙwabtanta ya dawo ne da sassaben zamani, dabarar barin toho da kututture ke fitarwa, wadda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a jihar Maraɗi a 1983, kuma masu bincike suka ƙiyasta ta farfaɗo da eka miliyoyi, kusan hekta miliyan 5, a kudancin Nijar. Ribar da gari ke samu daga lalata takarda yadda ya dace ta fi kusa da gida: iskar da ake shaƙa, magudanar da ba ta toshe ba, akuyar da ba ta ci leda ba, ɗan takin da ya koma gona, da damin icen da ba a saya ba. Babbar riba kuma tana wurin saye. Bugawa gaba da baya tana rage rabin takardar, daina yi wa kowane mahalarcin taro kwafin rahoto mai shafi 40 kuma ya fi kowane injin yanka amfani.

Kwamfutar da ta mutu

A kusurwar mangazar nan, kusa da buhunan, galibi akwai tsofaffin kwamfutoci da injunan buga takarda da furoje ya bari. Goge fayil ba ya fitar da shi daga ma'ajiyar kwamfuta, sunansa kawai yake ɓoyewa, kuma mai gyara da ya san aikinsa zai iya dawo da shi. Kafin a ba da na'ura kyauta ko a sayar wa 'yan gwangwan, sai an goge ma'ajiyar da manhajar da ke rubutawa a kanta gaba ɗaya, ko a cire ta a huda ta da ƙusa ko injin huda ƙarfe. Haka ƙananan kile na USB da wayoyin da masu ƙidaya suka yi aiki da su a ƙauyuka. Manyan injunan kwafi ma wasu suna da ma'ajiya a ciki da ke riƙe hoton abin da aka kwafa.

Gangar jikin na'urar kuma ba ta wuta ba ce. Gilashin tsohon allo mai ƙusumbi yana da darma, fitilar wasu allunan tana da zaiba, batirin lityom kuma yana fashewa idan ya ji zafi. Unguwar Agbogbloshie ta birnin Accra, inda aka daɗe ana ƙona waya don ciro jan ƙarfe kafin a rushe wurin a 2021, ta yi suna a duniya saboda gubar da ta bari a ƙasa da jinin matasan da suka yi aiki a can. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 an yi ta ne don hana a mai da Afirka jujin shara mai guba. Ofishin da bai samu mai karɓar irin wannan kaya ba tukuna, ya ajiye su a busasshen wuri, a ware batura daban, a rubuta su a littafin kayan ma'aikata.

Ya fi kyau a yi tankaɗe da rairayar nan da rani, tsakanin Fabrairu da Mayu, lokacin da takarda ta bushe kuma curin makamashi ke shanyuwa cikin 'yan kwanaki. Abin da aka yanke za a ajiye sai a ɗaga shi daga ƙasa a kan katako ko kanta ta ƙarfe, nesa da bango, a rubuta shekara da irin takardar a jikin kowane kwali, a duba rufin ɗakin kafin ruwan farko ya sauka.